Yadda Za Ka Kai Surukinka Kallon Ruwa Mai Tashi Sama

Wannan darasi na maza ne masu suruki, musamman kai da surukinka ya zo maka da buƙatar da ba a iya ce mata a'a. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, cikin kwana uku tsohon zai janye maganarsa da bakinsa, ba tare da ka ɗaga ido ka dube shi ba. An gwada hanyar, an ga aikinta. Sau ɗaya aka gwada, a kaina, kuma ta ci, ɗari bisa ɗari ke nan. Sunana Zainulabidin, ina zaune a Jigwada cikin Keffi, ina aiki a ofishin da ake ajiye fayil, kuma har yau a rub da ciki nake kwanciya. Dalili yana mataki na takwas, kada ka leƙa.

Mataki na ɗaya: Ka samu matsala ta gaske

Ba a kai suruki yawon buɗe ido haka kawai. Sai da dalili, kuma dalilin ya zama mai hana cin abinci.

Ga nawa. Baffa Dabo, mahaifin matata Asta, makiyayi ne a wata ruga can bayan Garaku. Wata Laraba ya iso gidana da sandarsa da gorar nono. Muka yi gaisuwa ta minti arba'in, ina tsugune, muka tambayi lafiyar kowa har da ɗan maraƙin da ban taɓa gani ba. Sannan ya ce, “Na zo tafiya da Hamdiya.”

Hamdiya shekararta tara, ita ce 'yata ta fari. Laifinta shi ne, da suka je ruga da Sallah, ta ga bijimi ta tambayi kakanta me ya sa ba a tatsar wannan. Baffa ya yi wata uku yana juya maganar a ransa. Ya ce jikarsa ba za ta tashi a haka ba, kuma dama 'yar fari ta kakanni ce. Makaranta kuwa akwai a rugar, a gindin wata ɗorawa, ranar da malamin ya samu zuwa.

Abin da za ka ce a nan shi ne, “To, Baffa.” Ba ka da wata amsar. Ka san yadda muke da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Shekara tara ina ce mata “yarinyar nan”. Shi kansa Baffa bai taɓa ce wa Asta komai ba sai “ke waccan”, don ita ce tasa ta farin. Yanzu in buɗe baki gaban irin wannan mutum in ce ba zan iya rabuwa da ita ba? Har jikokina sai an yi musu gori.

Amma tunda takarda ce ba fuskarka nake gani ba, bari in faɗa maka. Yarinyar nan ce ke buɗe mini ƙofa in ta ji kukan motata tun daga kwana. Ita ke riƙe mini bokiti ran Asabar in ina wankin mota. Ina sonta fiye da yadda na iya rubutawa, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba, har ita.

Mataki na biyu: Ka nemi ilimi a waya

Mai hankali ba ya shawara da matarsa a irin wannan lokaci, don za ta kawo masa gaskiya, ita kuwa gaskiya ɓata shiri take yi. Ka buɗe zauren hirar ofishinku na waya.

A namu, wani Abubakar na sashen albashi ya turo bidiyo. Ƙasa ta buɗe baki, ruwan zafi ya yi tsiri sama yana tururi, mutane suna tafi, can baya wasu dabbobi masu gashi kamar an yi wa shanu bargo suna kiwo abinsu. A ƙasan bidiyon an rubuta, “A gandun dajin ƙasarmu ne wannan, ku ba ku sani ba!” Aka kuma ambaci sunan gandun, wanda ba zan maimaita ba, don ba laifinsa ba ne.

Kada ka tsaya tambayar me ya sa duk mutanen ke sanye da rigunan sanyi. Kada ka tambayi farin abin da ke kan duwatsu. Ni na ɗauka gishiri ne, kuma ban ga dalilin da zai hana ya zama gishiri ba.

Nan take dabara ta zo mini. Baffa yana ganin 'yan birni ba su san daji ba. To, in na kai shi dajin da ya fi nasa, na nuna masa giwa da yatsana, na tsayar da shi gaban ruwan da bai taɓa ji ba ko a tatsuniya, zai gane yarinya tana da uban da zai koya mata daji. Masana sun ce suruki ba a kayar da shi da gardama, sai da mamaki. Ni ne masanan.

Mataki na uku: Ka yi alkawari, ka ƙara masa tsawo

Cire takalmi tun daga ƙofa. Tsuguna. Kafa idonka a kan tabarma.

Na ce, “Baffa, kafin ku tafi da yarinyar nan, akwai wurin da nake so ku gani. Akwai giwa, akwai ɓauna, akwai kuma ruwan zafi da ke tashi sama daga cikin ƙasa.”

Ya ce, “Tashi? Wa ke tashinsa?”

“Da kansa, Baffa.”

“Tsawon me?”

A nan ake gane gwani. In ka ce tsawon mutum, ba wanda zai bar shanunsa don wannan. Na ce, “Giginya biyu, an ɗora ɗaya kan ɗaya.”

Asta ta yi tari a bayan labule. Kada ka kula, mata suna yawan tari in maza na maganar ilimi.

Baffa ya ce, “Ka gani da idonka, Malam?”

Na ce, “Na gani, Baffa.” Ban ce masa a waya ba, shi ma bai tambaya ba.

Ya ce to, za a je. Amma a haɗa kayan Hamdiya a sa a mota, in an dawo sai a sauke su tare a Garaku, ba sai an sake wata tafiya ba. Asta ta haɗa akwatin. Na ga ta ninke kayan makaranta ta sa a ciki, ta fitar, ta sake mayarwa. Na fita waje na duba tayoyin da lafiyarsu ƙalau.

Mataki na huɗu: Ka kai mota wurin bakanike, amma kada ka saurare shi

Bakanike aikinsa ba da tsoro. Nawa, Ezekiyel, ya shiga ƙarƙashin motar ya fito yana girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da ba zai faɗa ba.

Ya ce, “Oga Zainu, wannan lagireto ya gaji. In ta yi zafi a hanya, ka kashe ta, ka je ka zauna, ka sha ruwa, ka yi waya da mutanenka. Kada ka taɓa murfin nan sai ta huce. Ka ji ni ko? Kada ka taɓa.”

Ka ce masa ka ji. Ka riƙe maganar a inda kake ajiye wa'azin da aka yi don wasu.

Ran Juma'a bayan sallar asuba muka ɗauki hanya, ƙannen Hamdiya biyu mun bar su wurin mahaifiyata. Yanzu ga wata matsala da ba a koyarwa a makarantar tuƙi: yaya ake tsugunawa gaban suruki alhali ana riƙe da sitiyari? Ka sauke kujerarka har ƙasa, yadda kan Baffa zai fi naka tsawo. Ba za ka ga titi sosai ba, amma ladabi ya fi titi. Ba kiɗa. Ba tsaki in wani ya sha gabanka. Wani mai tirela ya kusa tura mu rami bayan Akwanga, na leƙa na ce masa Allah ya ƙara masa basira, har Asta ta dube ni ta madubi don ba ta san ni da wannan addu'a ba.

Tun da farko, da muka wuce Garaku, Baffa ya nuna wata hanyar ƙafa da sandarsa. Ya ce, “Hamdiya, ga hanyar gida nan. Jibi war haka kina cikinta.” Na ƙara wuta ba tare da na sani ba.

Mataki na biyar: Ka ci abincinka a ɓoye, ka tabbatar ba mai ganinka

Suruki ba ya cin abinci gaban suruki. Wannan kowa ya sani, amma waɗanda suka kafa dokar ba su yi tunanin tafiyar awa takwas cikin mota ɗaya ba. Asta ta taho da soyayyar kaza da dambun nama. Suna ci, ƙamshi yana zagaya ni, ni kuwa ina cewa na ƙoshi tun jiya.

Da la'asar muka isa masaukin gandun. Ka jira a shimfiɗa wa tsoho tabarma a inuwa, sannan ka ce za ka duba taya. Ka zagaya bayan mota da cinyar kaza a aljihu. Ka duba hagu, ka duba dama. Kuskurena shi ne ban duba sama ba.

Wani gwaggon biri ya diro daga kan rufin mota ya zauna gabana. Bai yi gaggawa ba. Ya dube ni, ya dubi aljihun, kamar mai gadi da ya san abin da ka ɓoye. Na ce, “Kai!” a hankali don kada a ji. Ya buɗe baki ya nuna mini haƙoran da suka fi nawa hujja. Na miƙa masa.

Da zai tafi daji da ita, da na yafe masa. Sai ya zagaya gaban mota, ya zauna daidai gaban tabarmar Baffa, ya ci kazar har ƙashi. Na fito ina kaɗe hannu kamar wanda ya gama gyaran taya.

Baffa ya dubi birin, ya ce, “Shi dai wannan ba shi da suruki a nan.”

Ka yi kamar ba da kai ake ba. Da safe na tarar da ƙullin dambu a aljihun ƙofar direba, an ɗaure ledar da irin ƙullin da mutum ɗaya ne a gidanmu ke yi, wanda ba ya kwantuwa sai da haƙori. Ban yi wa yarinyar nan godiya ba, don ba a yi.

Mataki na shida: Ka riga kowa faɗin sunan dabba

Ran Asabar da sassafe aka haɗa mu da ma'aikacin gandu mai suna Nelson, mai koren kaki da bindigar da ta girme shi. Ya shiga baya, Hamdiya a tsakiya, ya riƙa nuna hanya.

Dokar kallon namun daji ɗaya ce: duk abin da ya motsa, ka riga kowa kiran sunansa da ƙarfi. Ko ka yi kuskure, ka dai riga. Wani abu mai ƙaho ya gilma, na ce, “Barewa!”

Hamdiya ta ce, “Kaka, barewa ce?”

Baffa ya ce, “Gwanki ne. Amma wataƙila a birni barewa ake ce masa.”

Daga nan muka yi awa biyu ba mu ga komai ba sai ciyawa. Ni na fara zufa, amma Baffa ya liƙa fuskarsa a gilas, yana kallon ciyawar yadda nake kallon kazar jiya.

Ya ce, “Ɗan nan, duk wannan wa ke ci?”

Nelson ya ce, “Namun daji, Baba.”

“Su nawa ne?”

“Ba mu ƙirga ba, Baba.”

Baffa ya yi ajiyar zuciya, ya ce Allah mai iko, a ba wa marasa ƙirguwa wannan, a bar shanunsa da kara.

Muka ci karo da garken ɓauna a bakin wani fadama. Na ce, “Ɓauna!” kuma wannan karon na dace. Baffa ya tambaya shanun wa ne. Nelson ya ce ba na kowa ba ne. Baffa ya ce ai ya gani, shi ya sa suke kallon mutum cikin ido. Nelson ya ba da haƙuri cewa zaki bai fito ba yau. Baffa ya ce, “Alhamdu lillahi. Ashe shi kuke nema tun ɗazu? Da kun gaya mini da na zauna a masauki.”

Sai ya ce in tsaya. Nelson yana cewa, “Baba, ba a sauka, abeg, ba a sauka,” tsoho ya riga ya sauka. Ya tsaya kan wani tulin kashi, ya fasa shi da sanda, ya kara bayan hannunsa, ya dubi ƙasa, ya dubi wani reshe da aka karya. Ya dawo ya ce giwaye bakwai ne, sun wuce kafin rana ta fito, ɗaya tana ɗingishi, kuma gabas suka yi.

Nelson ya ce an gaya masa ta rediyo suna yamma.

Baffa ya ce, “To, rediyon ya je yamma.”

Muka yi gabas. Bayan mun karya kwana sau biyu sai ga su a bakin rafi, manya shida da ƙarami ɗaya, ta ƙarshe tana jan ƙafar baya. Ban taɓa ganin abu mai girma haka yana tafiya ba ƙara ba. Har na manta ban ce “Giwa!” ba. Nelson ya cire hula ya ce, “Oga, daga nan Baba ne zai nuna hanya.”

Na leƙa madubi. Hamdiya ba giwayen take kallo ba, ƙeyar kakanta take kallo. Ta ce, “Kaka, a ruga za ka koya mini wannan?” Ya ce har da abin da ya fi wannan. Ni na kawo mutum daji don in kayar da shi, ga shi na sai masa man fetur yana kayar da ni. Amma ka kwantar da hankalinka, har yanzu kana da ruwa.

Mataki na bakwai: In ruwa ya ƙi tashi, ka ce lokacinsa bai yi ba

Da hantsi muka isa maɓuɓɓugar. Wuri ne mai kyau, ba zan ci amanarsa ba. Ruwa garai-garai yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, da ɗumi, ana ganin yashin ƙasa, mutane suna ta wanka. Abu ɗaya ne kawai: a kwance yake.

Na ja Nelson gefe na ce, “Ƙarfe nawa yake tashi?”

Ya ce, “Wa?”

Na nuna masa bidiyon. Ya kalla, ya dube ni, ya sake kalla, ya toshe baki da hularsa. Ya ce, “Oga, wannan ai Amurka ne. Ba ka ga ƙanƙara a kan dutse ba? Namu tun kakannin kakanni haka yake, bai taɓa ko tsalle ba.”

Kada ka amsa laifi. Ka dawo da fara'a ka ce ruwan yana da lokacinsa, sai an yi haƙuri. Muka zauna a inuwa muna kallonsa. Duk sanda wani yaro ya yi tsalle cikin ruwan sai in miƙe in ce, “Ya fara!” Asta ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Rana ta take. Baffa ya sauka ya yi alwala da ruwan, ya ce yana da daɗi a gwiwa. Muka yi azahar. Ruwa yana kwance.

Na ce, “Baffa, ina jin yau ba ya jin tashi.”

Ya ce, “Ba komai. Mu ma da muka tsufa haka muke.” Ya dogara sandarsa ya miƙe. “Mu je, Malam. Gobe da tafiya, a ruga ana jiran yarinya.”

Bai yi mini dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Na bi bayansu zuwa mota. Shi ke nan, na san ran Litinin zan dawo daga ofis in yi hon, ƙofa ta tsaya a rufe.

Mataki na takwas: Ka nuna gwaninta a abu ɗaya da ya rage maka

A hanyar komawa masauki akwai wani hawa mai yashi. A tsakiyarsa allurar zafi ta haye har ƙarshe, tururi ya fara fitowa ta gaba. Na kashe mota muka fito.

Baffa ya ce, “Ka san ciwonta?”

Ka lura da damar da Allah ya kawo maka. A dabba an kayar da kai, a ruwa an kayar da kai, amma mota ba ta da sawu, ba ta da kashi. Na ce, “Baffa, wannan kam fagena ne.”

Nelson ya ce, “Oga, ka bari ta huce.” Na ji muryar Ezekiyel ma tana cewa haka daga Keffi. Na ɗaga murfin gaba, na cire hulata, na dunƙule ta a kan murfin lagireto, na murɗa.

Abin da ban gani ba shi ne, yarinyar nan ta ɗauko galan ɗin ruwa daga but ɗin mota ta zo ta tsaya a gwiwar hannuna, yadda take yi kowace Asabar. Sai da murfin ya fara huci a ƙarƙashin hular na waiwaya, na ga fuskarta dab da injin.

“Hamdiya! Hamdiya!”

Ban san lokacin da na sure ta ba. Na rungume ta na juya wa motar baya. Murfi ya yi sama, hula ta bi shi, ruwan zafi ya yi tsiri yana tururi har ya taɓa reshen itacen da ke kanmu, sannan ya sauko, duk a gadon bayana.

Ban ji zafin ba a lokacin. Na durƙusa ina juya fuskarta, ina duba hannayenta, ina cewa, “Ya taɓa ki? Hamdiya, dube ni, ya taɓa ki? Hamdiyata, yi magana!” Asta ta ce ta ƙirga daga baya, sau bakwai na faɗa, ina hawaye, a gaban mahaifinta da ma'aikacin gwamnati da duk abin da ke cikin dajin.

Yarinyar ta ce, “Bai taɓa ni ba, Abba.” Ta riƙe wuyan rigata gam. Sannan a hankali ta ce, “Abba, sake faɗi.”

 A nan na tuna wanda ke tsaye bayana, na so ƙasa ta buɗe irin ta bidiyon in shige.

Baffa yana kallon sauran tururin. Ya ce, “To, ga shi ya tashi. Ashe tun daga Keffi da shi muka taho.” Ya ɗan auna da ido. “Bai kai giginya ɗaya ba ma, amma ya tashi.”

Sannan ya ajiye sandarsa, ya ɗaga mini riga da hannunsa, ya karɓi galan ɗin ya riƙa zuba mini ruwan sanyi a baya. Mutumin da ban taɓa cire hula a gabansa ba, ran nan ya ga bayana tsirara har ƙugu.

Mataki na tara: A Garaku, ka amsa tambayar da aka yi maka

An ɗaure mini baya a ƙaramin asibitin masauki, wani bakanike ya lallaɓa lagireton. Ran Lahadi na tuƙo mu gida ƙirjina a kan sitiyari, don bayana ba ya son kujera. Ba wanda ya ta da maganar jiya.

Da la'asar muka tsaya a Garaku. Uthman, ƙanen Asta, yana jira da babur a bakin hanyar rugar. Na buɗe but na fito da jakar Baffa, sannan na fito da akwatin, na ajiye a ƙasa. 

Baffa ya taɓa akwatin da sanda. “Wannan na wa?”

“Na yarinyar nan ne, Baffa.”

“Wace yarinya? Jiya na ji tana da suna.”

Na dubi ƙasa. Na ce, “Na Hamdiya ne.”

Ya ce, “Mayar.”

Na tsaya kamar ban ji Hausa ba.

Ya ce, “Mayar, na ce. Ta riƙa zuwa hutu, in koya mata tatsa da sawu. Ku kuma ku koya mata karatu, ban da na cikin wayarka.” Ya matso, ya rage murya yadda na cikin mota ba za su ji ba. Ya dafa ƙirjinsa. “Shekara talatin da huɗu ina ɗauke da sunan uwarta a nan, ban taɓa saukewa ba. Mu ba mu da mota.”

Ya zagaya wajen tagar da Asta ke zaune, kanta a sunkuye. Ya jima tsaye. Na ga bakinsa ya motsa, ya tsaya, ya sake motsawa. Can ya ce, “Ke waccan... ki riƙa shafa masa maganin nan safe da yamma.” Ya hau bayan babur, bai waiwayo ba. Asta ta yi kuka daga Garaku har Keffi, tana yi tana cewa ba komai, tururin jiya ne ya shiga mata ido.

Gargaɗi

Marubucin wannan darasi ba shi da alhakin duk abin da ya same ka. In biri ya ƙwace maka kaza, tsakaninku ne. In ka gaskata bidiyon Abubakar na sashen albashi, ka neme shi, ofishinsa na biyu a hannun hagu. In ka buɗe lagireto da zafinsa, ba ni na aike ka ba, Ezekiyel shaida ne, kuma ina roƙonka da Allah kada ka buɗe, ka nemi wata hanyar da ba ta bi ta gadon baya ba. In surukinka ya tafi da akwatin duk da haka, to naka ba Baffa Dabo ba ne, ni ba ni na zaɓa maka ba.

Akwai kuma wata illa da ya kamata ka sani, don har yau ba a samo mata magani ba. Tun da muka dawo yarinyar nan ta samu matsalar kunne. In na dawo daga ofis na yi hon, ina jin numfashinta a bayan ƙofa, amma ba ta buɗewa. Sai na leƙo ta taga, gaban maƙwabta da mai shagon kwana, na kira ta. Kiran farko ba ta ji. Sai na biyu.

Wannan ma in ya same ka, ba ruwana.